Diyyar naƙasa ta hukumar NSITF: wa ya cancanta, nawa ake biya, kuma a ina fayil ke maƙalewa

Leburan da inji ya datse wa yatsu a masana'antar roba a Sharaɗa, da birkilan da ya faɗo daga saman gini, da direban kamfani da mota ta kife da shi a hanyar Zariya, kusan hanya ɗaya ake bi da su. Mai kamfani zai biya kuɗin asibiti na kwanakin farko, ya aika wa iyali ɗan abin sayen magani, a zo jaje, a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Bayan wata biyu ko uku albashi ya tsaya, an ɗauki wani a gurbinsa. Akasarinsu ba su taɓa jin cewa akwai asusun da dokar tarayya ta kafa domin irin wannan rana ba, asusun da zai iya biyan mutum kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata idan naƙasa ta raba shi da aiki kwata-kwata. Asusun yana hannun hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF, da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago, kuma shi ne abin da za a iya kira inshorar naƙasa ta gwamnati a Najeriya.

Ga ra'ayinmu tun daga farko. Dokar tana da kyau, ta ma fi abin da yawancin ma'aikata ke zato. Hidimar da ake yi da ita ce ba ta kai ta ba. Abin da ya fi damun mu shi ne, cancantar mutum tana rataye da abubuwa biyu da ake gamawa tun kafin ya san ana yi: ko mai kamfaninsa ya yi rajista yana zuba kuɗi, da kuma abin da aka rubuta a takarda cikin mako biyun farko bayan hatsari. Wanda ya kuskure waɗannan biyun zai sha wuya ko da ciwonsa a bayyane yake kowa na gani.

Hukumar ba sabuwa ba ce. Ta gaji tsohon asusun tanadin ma'aikata da aka kafa a 1961, ta samu sunanta na yanzu a 1993, sannan dokar garambawul ɗin fansho ta 2004 ta karɓe harkar fansho daga hannunta. Aikin da take yi a yau ya fito ne daga Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Disambar shekarar. A tsohuwar dokar 1987 mai kamfani ne ke da alhakin biyan wanda ya ji ciwo, dunƙule sau ɗaya, kuma sai an kai ruwa rana. Sabuwar ta ce duk masu ɗaukar ma'aikata su riƙa zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya duk wata a asusu guda, hukuma ta riƙa biyan diyya daga ciki. Kamfanin da ke biyan albashin naira miliyan biyu a wata, dubu ashirin zai zuba. Ba a cire ko kobo daga albashin ma'aikaci, kuma sashe na 14 ya mai da yin hakan laifi. Duk wanda ya ga an rubuta NSITF a cikin abubuwan da aka zaftare masa a takardar albashi, an cuce shi, kuma yana da ikon neman a mayar masa.

Babban alherin tsarin shi ne ba a tambayar laifin wa. Ba sai ma'aikaci ya tabbatar da cewa kamfani ya yi sakaci ba, ba sai ya ɗauki lauya ya nuna cewa injin ba shi da murfi ba. Abin da ake dubawa kawai shi ne ko ciwon ya faru ne a bakin aiki ko a dalilin aiki. A nan mun ba dokar hannu.

Wa doka ta kira ma'aikaci

Ma'anar tana da faɗi ƙwarai. Ta haɗa da wanda aka ɗauka da takarda da wanda aka ɗauka da baki, na dindindin da na wucin gadi, mai aikin rabin yini, ɗan koyo, leburan da ake biya kullum, har da mai aikin gida matuƙar ba ɗan gidan ba ne. Ta haɗa da ma'aikatan tarayya da na jihohi da na ƙananan hukumomi da na kamfanoni masu zaman kansu. Sojoji ne kaɗai aka ware, amma farar hula da ke aiki a barikinsu suna ciki. Saboda haka maganar nan da manajoji ke yi, wai "ai kai ba cikakken ma'aikaci ba ne", ba ta da gindi a doka.

A aikace kuwa lamarin ya fi haka ƙunci. Abu na farko da jami'in hukuma zai duba idan takarda ta iso shi ne lambar rajistar kamfanin da tarihin zubinsa, sai ya nemi sunan mutumin a jerin ma'aikatan da kamfanin ya miƙa. Idan kamfanin bai yi rajista ba, ko ya yi ya daina zubi, ko sunan ba ya cikin jerin, nan fayil zai tsaya. Wannan shi ne babban aibin hidimar: laifin na mai kamfani ne, wahalar ta faɗa wa wanda ke kwance a gadon asibiti. Kamfanonin da suka fi kiyayewa su ne manya da masu neman kwangilar gwamnatin tarayya, domin takardar shaidar biyan NSITF tana cikin abubuwan da ake nema kafin a ba da kwangila. Ƙananan masana'antu, gidajen burodi, injinan casar shinkafa, makarantu masu zaman kansu da kamfanonin gadi, da yawansu ba sa ciki. Gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi da dama su ma sun daɗe ba su shiga ba, duk da cewa dokar ta ambace su ƙarara.

Akwai kuma tarkon 'yan kwangilar leburori. Masana'anta za ta ce mutanen da ke lodi ko shara ba nata ba ne, na wani kamfani ne da ya kawo su. Dokar ta hango wannan, ta ɗora alhakin zubi a kan ɗan kwangilar da wanda ya ba shi aikin tare. Amma ranar da abu ya faru kowa zai nuna ɗan uwansa, kwanaki kuma suna tafiya. Shawararmu ga duk mai aiki a irin wannan yanayi ita ce ya tambaya tun yana da lafiya: sunan wane kamfani ke kan katinsa, kuma wannan kamfanin yana da takardar shaidar NSITF ta bana? Wakilin ƙungiyar ƙwadago a wurin aiki yana da damar neman a nuna masa.

Mai aikin kansa, kamar ɗan adaidaita sahu da ke tuƙa nasa ko mai walda a bakin titi, ba shi da wanda zai zuba masa, sai dai hukumar na maganar jawo irinsu ciki. Wanda kuma aka haifa da naƙasa, ko shan inna ta kama shi yana yaro, ko hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki ba tare da alaƙa da aiki ba, wannan asusu bai shafe shi ba. Mutane na yawan haɗa shi da dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019. Waccan ta tanadi haƙƙoƙi, kamar kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, amma ba ta biyan kowa kuɗi duk wata.

Irin ciwon da ake karɓa

Hatsarin cikin masana'anta ba ya buƙatar dogon bayani. Wanda mutane ba su sani ba shi ne na hanya. Sashe na 7 ya lissafa hatsarin da ya faru tsakanin wurin aiki da gidan ma'aikaci, ko inda ya saba cin abinci, ko inda ya saba karɓar albashi, da sharaɗin cewa mai kamfani ya san da wurin tun da farko. Wannan sharaɗi yana kayar da mutane da yawa. Mutum ya rubuta adireshin Kurna lokacin da aka ɗauke shi aiki, ya tashi ya koma Mariri bai faɗa wa ofis ba, babur ya buge shi a hanyar Mariri: sai ya yi bayanin abin da ya kai shi can. Mai gida biyu ya tabbatar dukansu suna cikin fayil ɗinsa, domin dokar ta yarda da gida na biyu. Wanda aka tura aiki wani gari shi ma yana ciki, idan aikin ne ya kai shi ko da izinin kamfani ya tafi.

Cututtukan da aiki ke jawowa suna cikin jadawali na farko na dokar, kuma wasunsu sun shafi garuruwanmu kai tsaye: cutar huhu daga ƙurar dutse ga masu aikin kwari da siminti, ƙuncin ƙirji daga ƙurar auduga ga ma'aikatan masaƙu da injinan gurza, illar sinadarin kuromiyam da ake jima da shi a majemun zamani irin na Challawa, gubar dalma, asma da cututtukan fata da sinadarai ke tayarwa. Kurumta daga ƙarar inji tana da sashenta na musamman. Matsalar irin waɗannan ita ce ba su da ranar farawa. Tari ne da aka yi shekaru ana sha masa magani a kemis, ko kunne da ke raguwa a hankali har sai iyali sun fara ƙorafi. Dole likita ya rubuta ƙarara cewa cutar tana da alaƙa da aikin, kuma ba zai rubuta ba sai an faɗa masa irin aikin, shekara nawa aka yi, da abin da ake shaƙa. Ga kunne, gwajin ji da aka yi da na'ura ake so, irin wanda ake yi a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna ko a asibitocin koyarwa.

Dokar ta ma yarda da taɓuwar hankali da firgici, idan wani mummunan abu ya faru kwatsam a bakin aiki, kamar ma'aikacin banki da 'yan fashi suka ritsa da shi, ko kuma idan likitan da hukuma ta amince da shi ya tabbatar cewa yanayin aikin ne ya jawo. Mutanenmu ba su cika kai irin wannan ba saboda kunya, alhali haƙƙinsu ne.

Mako biyun farko

Agogo uku ke tafiya daga ranar hatsari. Ma'aikaci, ko iyalinsa idan ba zai iya ba, yana da kwana 14 ya sanar da kamfani. Kamfani yana da kwana 7 daga faruwar abin ya kai rahoto ga hukuma, idan kuma mutuwa ce to nan take. Sannan akwai shekara ɗaya ta shigar da takardar neman diyya. Idan shekarar ta wuce, hukuma na iya karɓa har zuwa shekara uku, amma sai ta gamsu cewa wani uzuri na musamman ne ya hana. A lura cewa kwanakin kamfani sun fi na ma'aikaci gajarta, don haka jiran kwana na goma sha uku ba dabara ba ce. A sanar ranar da abin ya faru ko washegari.

Sanarwar ba ta buƙatar lauya. Abu huɗu sashe na 4 ya nema: sunan ma'aikaci, lokaci, wuri, da bayanin ciwon da sanadinsa da magana ta yau da kullum. A rubuta a takarda, a yi kwafi biyu, a kai wa shugaban sashe ko ofishin ma'aikata, a sa ya sa hannu da kwanan wata a kan kwafin da za a dawo da shi gida. Idan ya ƙi sa hannu, a tura masa hoton takardar ta WhatsApp, a ajiye saƙon. Dalili shi ne rashin sanarwa yana iya toshe diyya gaba ɗaya, sai fa idan hukuma ta gamsu cewa kamfanin ya riga ya sani ko kuma jinkirin bai cutar da shi ba. "Ai a gaban kowa aka yi" magana ce mai ƙarfi a ranar farko. Bayan wata takwas, lokacin da shugaban leburorin ya bar aiki kuma abokan aiki na tsoron rasa abincinsu, ba kowa zai tsaya ya maimaita ta ba.

Asibitin farko shi ne shaida mafi nauyi. Abin da aka rubuta a katin ranar, shi fayil zai bi har ƙarshe. Idan wanda ya raka majinyaci ya ce kawai "faɗuwa ya yi", haka za a rubuta, babu ambaton wurin aiki. A ce a fili: ya faɗo daga tsani a wurin aiki kaza da misalin ƙarfe kaza. Akan samu manajan da zai ce a faɗa wa likita a gida abin ya faru, kamfani zai ɗauki nauyin komai. Wanda ya yarda ya rushe hujjarsa da bakinsa.

Sai maganar ɗori. Da yawa daga cikin masu karaya gidan maɗori suke fara zuwa, ko su sa hannu su bar asibiti su koma can saboda tsoron a yanke musu ƙafa ko don sauƙin kuɗi. Ba za mu shiga muhawarar magani a nan ba, amma ta fuskar diyya illar a bayyane take: maɗori ba ya ba da hoton ƙashi, ba ya rubuta rahoto, ba shi da rasiɗin da hukuma za ta karɓa. Idan ƙafar ta haɗe a karkace ko ta ruɓe aka dawo asibiti bayan wata biyu, akwai giɓin da babu takardar da ta cike shi, kuma za a iya tambayar wane ɓangare na naƙasar hatsari ya jawo, wane kuma jinkiri ya jawo. Aƙalla a fara yin hoto a buɗe kati a asibitin gwamnati ranar farko. A Kano, Asibitin Ƙashi na Dala ya saba da irin waɗannan rahotanni.

Idan hatsarin hanya ne, a nemi rahoton 'yan sanda ko na jami'an kiyaye haɗurra tun abin na da zafi. A tara duk rasiɗan magani, na hoto, na gado, na jini, na asali ba kwafi ba, masu ɗauke da sunan majinyaci da kwanan wata. Rasiɗan kemis da ake bugawa da ƙaramin inji suna gogewa cikin 'yan watanni, don haka a yi musu fotokwafi a makon da aka karɓe su, a manna na asalin a jiki. A haɗa da katin shaidar aiki, takardar ɗauka aiki idan akwai, takardun albashi na watannin baya, da sunayen mutum biyu da suka ga abin da ya faru. Fom ɗin sanarwa da na neman diyya da na rahoton likita ana samun su a ofisoshin hukumar da ke manyan biranen jihohi, kuma ba a sayar da su. Galibi ta hannun kamfani ake miƙawa, amma ma'aikaci ko ɗan uwansa ya je ofishin da kansa ya tabbatar an buɗe fayil, ya karɓi lambarsa. Kamfanin da ya ce "mun tura" ba lallai ya tura ba.

Abin da ake biya

Ga wanda ya naƙasa gaba ɗaya har abada, sashe na 21 ya ce kashi 90 cikin 100 na albashi duk wata. Jadawali na biyu ya lissafa irinsu: rasa hannu biyu, rasa ƙafa biyu, makanta gaba ɗaya, shanyewar jiki baki ɗaya. Mai albashin naira 100,000 zai riƙa karɓar 90,000.

Ga naƙasar wani ɓangare, kamar ido ɗaya ko hannu ɗaya ko yatsu, ana ƙiyasta abin da mutum ya rasa na iya samun kuɗi, a biya shi kashi 90 na wannan asarar. Misalin lissafi: mai albashin 120,000 da likitocin hukuma suka ƙiyasta naƙasarsa a kashi 40, asararsa 48,000 ce, abin da zai karɓa 43,200 a wata. A nan ne ranar da za a gurfana gaban likitocin tantancewa take da muhimmanci. A je da dukkan hotuna da rahotanni, a bayyana abin da ba a iya yi yanzu dalla-dalla: ba ya iya damƙe guduma, ba ya iya tsayuwar minti goma, ba ya iya hawa matakala. Jarumtar nan tamu ta "alhamdulillahi da sauƙi" tana da kyau wurin gaisuwa, amma a ɗakin tantancewa tana rage wa mutum maki. Mummunan tabo a fuska ko jiki, kamar na ƙuna, shi ma ana iya biyan sa dunƙule. Naƙasar wucin gadi wadda ake warkewa cikin wata 12 ita ma dunƙule doka ta ce a biya.

Albashin da ake lissafi da shi ya haɗa da alawus na gida, sufuri, abinci da makamantansu, ba gundarin albashi kaɗai ba. Sai dai wasu kamfanoni na rage adadin da suke nuna wa hukuma don zubinsu ya yi ƙasa. Mutum na karɓar 90,000 a hannu, a takardar da aka miƙa an rubuta 45,000, kuma da abin da ke rubuce za a fara lissafi. Wanda ake biya ta banki yana da kariya, domin bayanin asusunsa zai nuna gaskiya. Wanda ake ƙirga wa kuɗi a hannu ba tare da takarda ba shi ne ya fi shiga hatsari, don haka ko hoton shafin da yake sa hannu ranar albashi ya riƙa ɗauka.

Bayan kuɗi akwai kula da lafiya a sashe na 26: tiyata, magani, jinya, sufuri, sanduna, hannu ko ƙafar roba da gyaransu, tabarau, haƙoran roba da na'urar ji idan hatsarin ya lalata su, da kuɗin guzuri idan an tura mutum jinya wani gari. Akwai kuma koyar da sabuwar sana'a ga wanda ba zai iya komawa tsohuwar ba. Yadda aka fi yi shi ne kamfani ya biya asibiti, hukuma ta mayar masa daga baya. Wannan yana da kyau ga kamfani mai ƙarfi. Ga ƙaramin kamfani da ba shi da kuɗin tiyata a hannu, majinyaci ne ke jira, kuma muna ganin ya kamata hukumar ta ƙara yawan asibitocin da za ta riƙa biya kai tsaye a arewa.

Wani abu da ba a cika faɗa wa masu karɓa ba: kuɗin wata-wata ba na har abada ba ne. Sashe na 23 ya ce wanda bai kai shekara 55 ba ranar da ya ji ciwo, za a biya shi har ya kai 55, ko har lokacin da hukuma ta gamsu da zai yi ritaya idan ya wuce haka. Wanda ya riga ya kai 55, shekara biyu ce daga ranar ciwon, ko zuwa lokacin ritayarsa. Mutumin da ya makance yana da shekara 30 zai kai 55 yana nan a makance, kuɗin kuwa ya tsaya. Wannan giɓi ne na gaske a dokar. Mai asusun fansho na zamani yana da wata ƙofa daban: dokar fansho ta 2014 ta yarda wanda likitoci suka tabbatar ba zai iya ci gaba da aiki ba ya yi ritaya ya taɓa asusunsa tun bai kai 50 ba. Hanya ce dabam da ta NSITF, ta hannun kamfanin fanshonsa ake bi, kuma ya dace a nemi duka biyun.

Idan ciwon ya zama ajali, iyali ke karɓa: matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye kashi 90, mai ɗa ɗaya kashi 85, yara kuma har su kai shekara 21 ko su gama digirin farko, duk wanda ya riga zuwa. Takardar shaidar aure da ta haihuwar yara su ne ke jinkirta yawancin iyalanmu, musamman inda mata suka fi ɗaya, don haka a neme su tun da wuri.

Jinkiri, amana da ɗaukaka ƙara

Ƙorafin da ya fi yawa a kan hidimar shi ne jinkiri da rashin bayani. Fayil na bi daga ofishin jiha zuwa sama kafin a amince, kuma takarda ɗaya da ta ɓace tana iya mayar da shi baya ba tare da an kira mai shi ba. Maganinsa naci: a riƙe kwafin komai, a riƙa leƙawa, duk abin da aka ce ya rage a nemi a rubuta. Wayar da kai da Hausa kuwa ta yi ƙaranci matuƙa idan aka dubi yawan leburorin da ke Bompai da Kakuri da wuraren gine-gine, waɗanda rediyo ce hanyar isa gare su.

Ba za mu tsallake batun amana ba, domin kuɗin marasa lafiya ne. A 2020 gwamnatin tarayya ta dakatar da shugabannin hukumar bisa zargin saɓa ƙa'idar kashe kuɗi. A 2022 kuma, a gaban kwamitin Majalisar Dattawa da ke bin diddigin kuɗaɗen gwamnati, aka ji cewa takardun kashe kimanin naira biliyan 17 ba su samu ba, har aka ambaci ruwan sama da gara a kwantenar da aka ajiye su. Irin waɗannan labarai sun ba masu kamfanoni hujjar ƙin zubi, kuma ma'aikaci ne ke kwana ciki. Duk da haka hukumar tana biyan mutane, ana mayar da kuɗin asibiti, ana raba gaɓoɓin roba, kuma ba mu ga hikimar barin haƙƙi saboda fushi da masu riƙe da shi ba.

Takardar nan da ake kawo wa majinyaci a gado, ko a gaban mai unguwa da sunan sulhu, cewa ya karɓi dubu ɗari biyu ya yafe komai, ba ta da ƙarfi a kan diyyar asusun. Sashe na 13 ya ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi da mai kamfani ta barin wannan haƙƙi ɓatacciya ce. Wanda ya riga ya sa hannu kada ya ɗauka ƙofa ta rufe, matuƙar shekarar ba ta cika ba.

Inda ake buƙatar taka-tsantsan shi ne haɗa kotu da hukuma. Doka ta ce diyyar asusun tana maye gurbin kai mai kamfani ƙara. Idan kuma wani na waje ne ya jawo hatsarin, kamar direban tirelar wani kamfani, sai mutum ya zaɓa: ko ya yi ƙararsa, ko ya nemi diyya, kuma shiga kotu yana toshe diyyar. Wanda ya zaɓi diyya a irin wannan hali wata shida aka ba shi ya bayyana zaɓinsa, ba shekara ba. Kada a shigar da ƙara kafin a zauna da lauyan da ya san dokar ƙwadago. Wanda ba shi da hali ya tuntuɓi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a na jiharsa ko ƙungiyarsa ta ƙwadago, musamman idan ya gano kamfaninsa bai taɓa rajista ba.

Idan hukuma ta ƙi biya, ko ta ba da kason da bai yi daidai da naƙasar ba, sashe na 55 ya ba da kwana 180 daga ranar hukuncin a rubuta mata ƙorafi ta sake dubawa, ita ma tana da kwana 180 ta amsa. A nemi hukuncin farko a rubuce da kwanan wata, domin daga ranar ake ƙirgawa, kuma a haɗa ƙorafin da sabon abu: rahoton ƙwararren likita na biyu, sabon hoto, ko bayanin banki da ke nuna ainihin albashi. Idan amsar ba ta gamsar ba, mataki na gaba shi ne Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da rassa a Kano da Kaduna da Jos.